Gaton Hafiza a Cikin Langa

Libreville, 11 ga Disamba, 1994

Ke mai karanta wannan wasiƙa, Rakiatou, ki ji tsoron Allah. Ba ke na rubuta wa ba, wanki na rubuta wa, kuma don bai yi karatun boko ba ne ta biyo ta bakinki. Ki karanta masa ita yadda take. Kada ki tsallake layi, kada ki sa mata sukari, kada ki yi dariya a inda ban yi ba. Na san halinki.

Malam, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin Baba? Allah ya ba shi lafiya, ya saka maka da jinyar da ka je yi. Ka gaishe da mutanen gida duka. Mu nan lafiya. Ɗiyarka ta yi mura makon jiya, ta warke. Malam Oumarou yana buɗe rumfarka a kasuwar Mont-Bouët kamar yadda kuka shirya, sai dai takalman suna nan inda ka bar su. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa, mutane ɗaga kaya suke yi su duba su ajiye.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da muka raka ka tashar jirgin ruwa ta Port Môle, yarinyar nan tana kuka, ka tsuguna ka ce mata ranar da ta cika shekara takwas za ka saya mata gato, wato kek, irin na gidajen burodin unguwar Louis, mai suna a rubuce a kai. Ka faɗa ka hau jirgi. Ni ka bari da maganar. Kullum ta taso daga makaranta sai ta ɗaga kalandar sabuwar shekara ta leƙa watan Fabrairu, kamar zai gudu.

Na gaya mata abin da ka riga ka sani. Mu suna muke yi, sau ɗaya, a yanka rago a raba wa maƙwabta, shi ke nan. Ban taɓa jin an kunna wa uwata kyandir don ta ƙara shekara ba, kuma ta tsufa da mutuncinta. Na san inda yarinyar ta gano abin. Gidan Filomen ne, 'yar Gabon ɗin nan da bangon katako ya raba mu, mai sayar da gasasshen kifi da giya a ƙofarta. An yi wa jikarta irin wannan biki, kiɗa har ya hana ni jin kiran salla. Na hana ɗiyarka taka ƙofar gidan, kuma ina nan a kan bakana. Amma duk abin da na ce game da gaton, amsarta ɗaya ce: "Baba ya ce."

Sai magana ta biyu, wadda ta fi nauyi. Hukuma ta ba baƙi wa'adi zuwa ƙarshen Janairu. Wanda ba shi da katin zama ya nema, ko ya bar ƙasar. Ka san nawa ya ƙare, kuma a jikin takardunka yake rataye. Na je, sun ce sai maigida ya zo da kansa. An fara tare motoci ana duba mutane. In aka kama ni a hanya, babu wanda zai tsaya ya tambaye ni ko na bar yarinya a gida. Wannan ba lokacin yawon neman kayan zaƙi ba ne.

Saboda haka ka sa a rubuto mata, da maganarka, cewa ka janye. In ni na janye ba za ta ji ba, don ba ni na ɗauka ba. Bai kamata uba ya lallashi yaro da abin da ba ya hannunsa ba.

Matarka,
Ummussalma

Damagaram, 3 ga Janairu, 1995

Matarmu, Malama Ummu, sallama da gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta iso. Da na karanta gargaɗin da ke kanta sai da na gyara zama, na ɗauka shugabar makarantarmu ce ta taso daga kabari. Shekara goma kina gidanmu, har yanzu hannunki bai koyi rubuta "ina kewarku" ba?

Baba yana nan, jiki ya ƙi. Kunu kaɗai yake sha, shi ma sai Yaya Hamadou ne ya riƙe masa ludayi. In ni ce, kau da kai yake yi. Yaya ya rame, barci bai ishe shi ba. Ya aika neman izinin komawa Gabon, an ce ya jira.

Ga maganarsa, yana zaune gabana ina rubutawa:

"Ki gaya wa Ummu na gode da riƙon gida. Ki gaya mata ba zan janye ba. Rannan a bakin jirgi ba gato Hafiza take wa kuka ba, ni ma na sani. Amma shi na samu na ba ta ta riƙe. In yau na aika na ce na fasa gato, gobe me zai hana ta cewa dawowar ma na fasa? Ba na son kiɗa, ba na son taro. A samu gidan burodi na kirki, a yi mata ɗan ƙarami, a rubuta sunanta. Oumarou ya ba ki abin da ake bukata daga rumfa."

Ya gama. Saura ni. Ummu, gato ba gunki ba ne, fulawa ce da ƙwai. Ke da kika yi kwaleji, kika haddace sunayen kogunan Faransa, gidan burodi guda zai gagare ki? Abu ɗaya ne ke ba ni dariya tun jiya. In mai gaton ya ce ki faɗi sunan da zai rubuta, yaya za ki yi, ke da kunyar 'yar fari ba ta taɓa barin sunan ya fito daga bakinki ba? Sai dai a rubuta "Yarinyar Nan" da sukari. Hafiza, Hafiza, Hafiza. Ga shi nan na aiko miki guda uku, ki ajiye ko za ki bukata.

Ki shafa mini kanta, ki ce Gwaggo tana jiran rabonta.

Ƙanwar mijinki,
Rakiatou

Libreville, 24 ga Janairu, 1995

Malam, assalamu alaikum. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Rakiatou, na ga wasanki, na ajiye shi gefe.

Na karanta amsarka har na kusa haddace ta. Na rubuta maka magana biyu, ta gato da ta kati. Ka amsa ta gato. Ta kati ko "Allah ya kiyaye" ban samu ba. To, na gane matsayin kowacce a wurinka. Ba zan ƙara tayar da ita ba. Ka ce a nemo gidan burodi na kirki, na fita nema.

Na fara da wani gidan burodi a Louis, tunda can ka ambata. Gilashi ko'ina, sanyi kamar cikin firij, gato jere-jere. Ban tsaya duban kyansu ba, na tambayi yarinyar da ke sayarwa me ake zubawa a ciki. Ta lissafa, a ƙarshe ta ce da ɗan rom, wato giya, don ƙamshi. Na ce a yi mini wanda babu. Ta ce duka ƙullu ɗaya ake yi, kuma kaɗan ne, wuta tana cinye shi. Na ce mata akwai wutar da ke jiran mai ci, na fito. Da ban tambaya ba, da abin da zan sa wa ɗiyarka a baki ke nan da sunanka.

Na biyu na wani ɗan Lebanon ne a hanyar bakin teku. Shi babu giya, ya rantse. Amma ya ce fulawa da man shanu daga waje suke zuwa, tun faɗuwar sefa ba ya kunna tanda don ɗan ƙaramin abu, sai na biki. A hanyar dawowa jandarmomi suka tare taksinmu, suka sauke maza biyu. Ɗaya yana riƙe da ledar magani, yana cewa matarsa na jira. Mata ba su tambaye mu komai ba ranar. Na iso gida, sai a karo na uku na iya zura makulli a ƙofa. Ban faɗa don ka tausaya ba, na faɗa don ka sani.

Na uku Fanta ce ta nuna mini, maƙwabciyarmu 'yar Mali. Wani Bafulatanin Gine ne, Saliou, a lungun bayan masallaci a Mont-Bouët. Burodi yake gasawa, amma ya taɓa aiki a kicin ɗin otal, ya iya gato. Wurin babu gilashi, hayaƙi ya baƙanta rufin. Na duba farcensa, a yanke suke. Na duba tsumman da yake shafe tebur, wankakke ne. Na tambaye shi rom, ya ce a'uzu billahi. Ya ce zai yi, in har ranar ta same shi a garin, don shi ma ba shi da kati, wuri yake jira a jirgi. Matsala ɗaya, ya riga ya sayar da kwanonin gasa gato. Ya ce in kawo duk kwanon da ke jure wuta.

Fanta ta tafi shekaranjiya. Ita ce mai shigowa da hantsi mu tsince shinkafa tare. Yanzu in na zauna tsinta, sai in ji ƙarar kowace tsakuwa a faranti. Unguwa tana zubewa. Katifu da tukwane a bakin hanya ana neman mai saye, babu. Port Môle kuwa an ce mutane a kan kayansu suke kwana. Mai kai wasiƙa ba ya wuya yanzu, kowa tafiya yake yi. Mai kawowa ne babu.

Wannan na ba wani direba ɗan Tasawa da zai bi ta Kwatano.

Matarka,
Ummussalma

Libreville, 13 ga Fabrairu, 1995

Malam, assalamu alaikum. Barkanmu da azumi. Ban ji daga gare ku ba. Ban san jikin Baba ba, ban san naka ba. Mu muna lafiya.

An ƙara wa'adi zuwa tsakiyar wata, jibi yake cika. Na daina tura yarinyar makaranta, don babu mai raka ta. Ina koya mata lissafi da safe, da rana hadda. Tana azumin rabin yini. In an sha ruwa mu biyu ne a kan tabarma. Bara war haka kwano nawa ke shigowa gidan nan, nawa ke fita? Bana na dama kunu daidai na mutum biyu, ya yi saura.

A layinmu gida uku suka rage na mutanenmu: Malam Oumarou da matarsa Rabi'a, da wasu biyu. Duka a kulle suke yini, ko rediyo ba a ɗagawa. Oumarou ya rufe rumfa, ya ce sai ƙura ta lafa. Jiya Filomen ta buga bangon katako, ta ce za ta kasuwa, ko akwai abin da za ta sayo mini. Na ce na gode, muna da komai. Ba mu da albasa.

Na kai wa Saliou kwano. Babu kwanon da ke jure wuta a gidan nan sai langar da Inna ta sa mini a kayan ɗaki, mai furen ja, wadda ban taɓa zuba komai a ciki ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya ce za ta yi. Ya tambayi suna. Ki gaya wa kanki, Rakiatou, ban bukaci aronki ba. Na karɓi fensir na rubuta masa a jikin buhun fulawa.

Jirgin Saliou ranar Lahadi ne. Ranar haihuwar ta faɗo Asabar. Zai gasa da safe, amma ba zai iya kawowa ba, shi ma ɓoye yake. Sai na je da kaina, bayan wa'adi ya cika.

Daren jiya yarinyar ta tambaye ni, "In gaton ya zo, Baba ma yana hanya ke nan?" Na ce ta yi addu'a ta kwanta.

Tunda ka ce ba ka janye ba, zan je. In wani abu ya faru, Allah ya san wanda ya ce.

Ummussalma

Damagaram, 8 ga Fabrairu, 1995

Ummu, assalamu alaikum. Yau babu wasa a bakina. Baba ya rasu ranar Juma'a, a farkon azumi, kansa a cinyar Yaya. An yi sutura bayan la'asar. Ya ambace ki kwana biyu kafin nan, ya ce a gaishe da mai ɗakin Hamadou mai faɗa. Allah ya jiƙansa.

Direban Tasawa ya kawo wasiƙarki jiya. Bai miƙa ya tafi ba, ya zauna gaisuwar rasuwa, ya ba da labarin abin da ake yi a Libreville, da motoci, da kamu, da matan da aka raba da 'ya'yansu a hanya. Yaya ya juyo ya ce, "Ummu ba ta faɗa mini wannan ba." Ummu, kin faɗa. Ni ce na tsallake. Ranar da wasiƙarki ta farko ta zo, ya kwana uku a zaune gaban Baba. Na kai wurin maganar kati, na dubi idonsa, na wuce zuwa ƙasa. Na ce in ya huta zan karanta masa. Bai huta ba. Saboda haka bai yi banza da ke ba, bai ji ba ne. Ya kira malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu ya sake karanta masa duka biyun, tun daga gargaɗinki. Tun jiya bai yi mini magana ba sai yanzu da ya ce in ɗauko takarda.

Ga maganarsa:

"Ummu, kada ki fita. Ko ƙofar layi kada ki je saboda gato. Na janye, na janye. Ki gaya wa Hafiza Baba ya ce a bari sai ya zo mu saya tare. In ta yi fushi da ni, ta yi, zan lallashe ta. In aka ɗauke ki, wa zan sa ya lallashe ta? Da na san haka ne, da tun farko ban buɗe baki ba. Ina neman hanya, ko ku taho ko in zo. Ki yi haƙuri."

Mun nemi mai zuwa Gabon, babu ko ɗaya. Za mu sa ta a gidan waya. Ina roƙon Allah ta riga ranar isa.

Ki yafe mini.
Rakiatou

Libreville, 9 ga Maris, 1995

Malam, assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa azumi ya cece shi, ya ba ka haƙuri. Baba ya ce ni mai faɗa ce, bai yi ƙarya ba, kuma bai taɓa hana ni ba. Barkanku da salla. Mu lafiya muke, mu biyu, a ɗakinmu.

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya, bayan salla da kwanaki. Rakiatou, na yafe. Amma na gaya miki tun layin farko.

Na je.

Ranar Asabar da hantsi na ce wa yarinyar ta zauna ta yi hadda, na kulle ta daga waje, na ɗaure makulli a bakin zane. Ban hau taksi ba. Na bi ta bayan gidaje, ta kan katakan da aka gitta a kan kwata. Na samu Saliou ya ɗaure kayansa, tanda kaɗai ke da zafi. Ya kife langar a kan murfinta, gaton ya fito. Malam, ka san siffar langa. Malmalar tuwo ce sak, sai dai an shafe ta da farin sukari an rubuta suna. Ya ce wannan ne abu na ƙarshe da tandarsa za ta gasa, in sa shi a addu'a.

A dawowa ruwa ya tsinke. Ina fitowa bakin babbar hanya, wadda dole sai na tsallaka ta, sai ga motar jandarmomi a tsaye, an tare gaba da baya, ana loda mutane, mata da maza. Na ja da baya na faɗa rumfar wani kafinta da aka bari a buɗe, na tsuguna bayan katako da langa a cinya. Tun ana kiran azahar ina nan har aka yi la'asar. Ba kamun ne ya fi tsorata ni ba. Hannuna ne ya taɓa makullin a bakin zane. Na ce, in suka leƙo nan, za a sa ni a mota da wannan makulli a jikina, a sa ni a jirgi da shi. Babu mahaluƙin da ya san akwai yarinya a kulle a ɗakin nan. Fanta ta tafi. Su Rabi'a ba sa leƙowa. Ban gaya wa kowa zan fita ba, don ban ga wanda ya isa in gaya wa ba. Na karanta duk abin da na haddace.

Da suka tafi na tsallaka. Ina shigowa layi na hango mutum zaune a gindin tagarmu da lema. Filomen ce, a kan kujerar da take gashin kifi, ƙafafunta cikin ruwa. Ta ji kukan yarinyar ta bango tun azahar, ta bar kifinta ta zo ta zauna, tana yi mata hira ta tsakanin ƙarafan taga. Da ta gan ni ta miƙe ta ce, "Madam Hamadou, ke mahaukaciya ce?" Shekara shida muna maƙwabtaka, ban taɓa barin ta gaya mini magana ba. Ranar na sunkuya ina kwance makulli. Ta ɗauki kujerarta ta shige.

Ɗiyarka ta buɗe murfi ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mama, gato ne ko tuwo?" Na ce ta karanta abin da ke kai. Ta karanta da yatsa, harafi harafi. Ta ce, "Baba ya ce."

Ba a kunna kyandir ba. Bayan mun sha ruwa na ji tana rera wa kanta waƙar ranar haihuwa da suke yi a makaranta, can ƙasa-ƙasa, ita kaɗai. Na juya ina wanke ludayi har ta gama.

Ni ban san yadda masu wannan al'ada suke cin abinsu ba. Na san dai abin farin ciki ba a cinye shi a ɗaki. Na yanka, na sa a faranti uku, na rufe, na ce ta kai gidajen mutanenmu, tunda ƙofa da ƙofa ne, ina tsaye ina kallonta. Ruwa yana dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa. Ta yi sallama a ƙofar Rabi'a, ba a ji ba. Ta sake, ba a ji ba. Sai ta ajiye faranti ta buga ƙofar da tafin hannu, da ƙarfi. Malam, wa ke buga ƙofa a layin nan in ba jandarma ba? Fitilar ɗakin ta mutu nan take. Gida na biyu haka, har na ji an toshe bakin jariri. Na uku haka. Ta dawo da farantanta uku a jere a hannu, jiƙe sharkaf, ta ce, "Mama, suna ciki. Sun ƙi ni." Washegari muka ji Malam Oumarou ta tagar baya ya fita, ya faɗa kwata ya gurɗe ƙafa. Rabi'a ta ce in sake aiko da gato sai na haɗa da mai ɗori. Yanzu abin dariya ne. Daren nan ba a yi dariya ba.

Muka zauna da gato a gaba, babu mai ci. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Saura Mama Filomen." Ban yanka da ita ba, kuma yarinyar ta lura. Na ɗauki faranti mafi girma na kai da kaina. Ban shiga ba, daga bakin ƙofa na tsaya. Ta gutsura ta tauna ta ce, "Ya bushe. Babu rom." Na ce shi ya sa ya ciwu. Ta yi dariya har da tari, ta kira jikarta, suka biyo ni da kujerarsu. A ƙofarmu aka ci, ƙarƙashin rumfa, mu huɗu.

Kada ka ɗauka na sauya. Giya haram ce jiya, haram ce yau, na gaya mata a fuskarta, ta ce ta ji. Yarinyar ba za ta zauna a inda ake sha ba. Amma matar nan ta zauna cikin ruwa tun azahar saboda ɗiyarka, lokacin da uwarta ke tsugune bayan katako.

Rabonka yana cikin ƙullin da ke tare da wannan wasiƙa. Ita ta yanka, ta ce a ba ka wurin da harafin farko yake. Na gasa shi a kasko har ya bushe ƙarau don ya jure hanya. Ka jiƙa a shayi. Ka gutsura wa Gwaggo, ko da ba ta cancanta ba.

Da wasiƙarka ta zo, ta tsaya a kaina sai na karanta mata. Na karanta mata rasuwar kakanta, ta yi kuka. Na karanta mata cewa kana neman hanya. Wurin da ka ce ka janye, na dubi idonta, na wuce zuwa ƙasa. A wurinta Baba ya ce, kuma an yi. Haka za ta ci gaba da sani. Rakiatou, nan ma ba wurin dariya ba ne.

Matarka,
Ummussalma

Wannan ki karanta masa sau biyu. Ga dokar da na kafa, kuma ta zauna. Ba a ƙara kulle yarinya a gidan nan a fita da makulli. Na sa an yanka na biyu. Ɗaya yana bakin zanena, ɗaya yana rataye a ƙusa a ɗakin Filomen, kuma can zai zauna har ranar da za ka zo ka karɓe shi da hannunka, ka yi mata godiya da bakinka. In ka iso, ko ruwa ake yi, ka ɗaga murya ka yi sallama. Ba a buga ƙofa a gidan nan.